Ƙwarin da iska ke yasarwa a kan Duwatsun Shere: hanyar da na bi daga takardar izini zuwa akwatin adana

Tun da na kare kundina na digiri na biyu, ɗalibai uku ke nan suka tare ni da tambaya iri ɗaya: ta ina ake farawa in mutum zai hau dutse ya tattaro ƙwari? Duk wanda na yi wa bayani a tsaye, sai bayan ya tafi in tuna na bar rabi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi daki-daki. Ni haifaffen Gangare ne, ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a nan Jos, karatun kuma haɗa shi na yi da aiki. Abin kunya, kullum in na dubi gabas ina ganin Duwatsun Shere, amma ban taɓa taka su ba sai da wannan aiki ya kai ni.

A ƙarshen Oktoba 2022 muka koma makaranta, bayan yajin aikin malaman jami'a da ya ci wata takwas. Na je wa malamina da batun ƙwarin wake, don shi kowa ke yi kuma hanyarsa a share take. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, wake ya gaji da mu." Sai ya ba ni labarin wani Bature ɗan Ingila, Charles Elton, wanda ya ba da rahoton yadda a 1924 aka tarar da darɓa masu rai warwatse a kan dusar ƙanƙara a wani tsibiri can arewa da Norway, inda ko bishiya ɗaya babu. Irin darɓar kuwa a jikin bishiya take rayuwa, kuma dajin da ake jin daga can ta taso yana arewacin Rasha, nisan sama da kilomita 1,000 a kan teku. Iska ce ta kwaso su ta zubar. Ya ce in hakan na faruwa a can, me ke sauka a kan Shere, mai tsayin mita 1,829, da hunturu ke dukan ta daga arewa maso gabas, iskar damina kuma daga kudu maso yamma? Na ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba." Ya ce to ga aikinka nan.

Ƙwarin da ya ware mini su ne dangin da masana ke kira Hemiptera, wato masu tsotso. Ba su da muƙamuƙin tauna, bakinsu kamar allura yake, su huda ganye ko kwanso ko fata su zuƙe ruwan ciki. A cikinsu akwai darɓar da ke zubar da danƙo a ganyen dawa da wake, da farin ƙudan da ke yaɗa cutar ganyen rogo, da jan ƙwaron auduga, da koren ƙwaron nan mai wari, da ƙananan 'yan tsallen ganye masu kai wa masara cutar da ke zana mata farin layi. Har kuɗin cizo ɗan gidan ne. Da na faɗa wa Umma haka, sai ta ajiye carbinta ta ce, "Yanzu na ɗakin ƙannenka bai ishe ka ba, sai ka hau dutse nema?" Har yau in za ta gabatar da ni ga baƙi, cewa take yi ga mai digirin kuɗin cizo.

Matakin farko shi ne kare tsarin binciken a gaban malaman sashe, a watan Nuwamba. Na yi mako uku ina karatu, kuma a nan ne abin ya shiga raina. Ƙaramin ƙwaro kamar darɓa ba ya iya ja da iska. In rana ta dafa ƙasa, iska mai zafi ta tashi sama, sai ta tafi da duk wanda ya buɗe fiffike a lokacin. Da rana kuma iska kan bi gangaren dutse ta haura. To sama sanyi gare ta, duk mita 1,000 zafi kan ragu da kusan digiri 6.5, kuma ƙwaro ba shi da ɗumin jikin kansa. In sanyi ya kama naman fiffikensa sai ya faɗo inda ya tsinci kansa, ba abincinsa ba danginsa. A manyan duwatsun duniya abin ya kai har akwai halittun da da wannan gawar suke rayuwa. A 1924 an samo wani ɗan gizo-gizo mai tsalle a wajen mita 6,700 a jikin Everest, inda tsiro ba ya fita. A ƙolin Mauna Kea na Hawai kuma akwai wani mai tsotso, Nysius wekiuicola, wanda aka raɗa wa suna a 1983: danginsa ƙwayar tsiro suke tsotsa, shi kuwa ya rasa fiffiken tashi ya koma tsotson 'yan uwansa da iska ta jefo sanyi ya kashe. Duk na zuba wannan a gabansu ina jin kaina. Sai wata malama da ba ta ce uffan ba tun farko ta ɗaga hannu ta ce, "Duk wuraren da ka lissafa ƙanƙara ce ke kama ƙwaron, ta kuma nuna maka shi a kan fari. Ina ƙanƙara a Shere?" Na yi tsuru-tsuru. An amince da batun, amma da sharaɗin in dawo da bayanin abin da zai tsaya mini a madadin ƙanƙara. Abin da muka tsayar daga baya shi ne robobi masu ruwa, da kuma kwarmin duwatsu masu tara ruwan sama.

Daga nan sai takardar gabatarwa daga sashe. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne, ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Na rubuta buƙata da hannu, aka ce sai an buga, kuma sai malamina ya sa hannu a ƙasa kafin ta shiga wurin shugaban sashe. Na kawo, aka ce shugaba ya yi tafiya. Ya dawo, babu wuta. Wuta ta zo, tawadar injin ta ƙare, na sayi takarda na kai wani shagon kwamfuta aka buga mini. Rana ta goma sha tara takardar ta fito da hatimi, na karanta a bakin ƙofa sai na ga an rubuta cewa zan tattaro "ƙwari a cikin garin Jos". Babu sunan Shere, babu watannin aikin. Na koma wurin mai buga takardun sashe na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, akwai gyara." Ta dube ni ta saman tabarau ta ce abin da na rubuta ta buga. Na duba tawa, wallahi gaskiyarta, ni ne ban fayyace ba. Wani mako ya sake tafiya. Wanda zai nema, ya rubuta sunan wurin, da watannin da zai yi, da irin kayan da zai ɗauka, ya kuma roƙi a fitar masa da asali guda uku, ba hoton kwafi ba. Ni ɗaya na karɓa, kuma ofishin farko da na shiga suka riƙe ta.

Wannan ofishi, wanda aka ce mini shi ke kula da irin waɗannan wurare, ya tura ni wani, wancan ya ce ba huruminsa ba ne, in koma inda na fito. Sau huɗu ina wannan sintiri, kuɗin Keke kawai ya ci mini kusan naira 3,000. Wani dattijon masinja ne ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, dutse na da masu shi. Ka je ka gaida mai gari." Ƙasar Afizere ce, waɗanda muke kira Jarawa, kuma duwatsun ba daji ne marar mai shi ba: akwai gonaki a gindi, akwai makiyaya, akwai cibiyar horar da matasa da aka fi sani da Man O' War, akwai kuma wuraren da mutanen gari ba sa son baƙo ya taka. Wani abokin aikina ɗan yankin ya raka ni ranar Asabar. Na tafi da goro da lemo da hoton takardata. Mai garin ya sa aka karanta masa, ya tambaye ni ko ma'adini nake nema, don a Filato duk wanda aka gani da jaka yana leƙa duwatsu, kuza ake fara zato. Na fito da 'yar kwalba mai darɓa na nuna masa. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Wannan ai kyauta muke ba ka, ka kwashe duka." Minti arba'in aka gama abin da na yi mako biyu ina nema. Ya haɗa ni da wani maharbi da zai riƙa yi mini jagora, muka shirya a kan naira 4,000 kowace hawa, ya kuma sa aka sanar da 'yan banga. Kada kowa ya tsallake wannan mataki don ganin yana da takarda mai hatimi.

Sai kayan aiki. Ragar kamu ban saya ba: mai walda ya lanƙwasa mini ƙarfe, tela a Katako ya ɗinka jakar da farin yadi mai kauri a baki, gidan sauro a ƙasa, duka naira 3,500, kuma har na gama ba ta yage ba. Robobi farare da rawaya na saya a Taminus. Inda na yi wauta shi ne wajen sifirit da allura. Etanol na ɗakin gwaji, wanda ake adana ƙwari a ciki, ya yi mini tsada, sai na sayi sifirit na kemis. Allurar kafe ƙwari kuma babu ita a kasuwa, sai na sayi fil na teloli. Na ce ai duk tsini ne.

Ranar 14 ga Janairu 2023 muka yi hawan farko. Na yi asuba a gida, mota ta sauke ni bayan Lamingo, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ƙauyen. Tsakanin gari da ƙolin akwai tazarar kusan mita 600 a tsaye, wato bambancin digiri huɗu a lissafi, amma lissafi bai san iska ba. Ni da nake taƙamar ɗan Jos ne sanyi ba ya ba ni tsoro, sai ga shi yatsuna sun kasa buɗe murfin kwalba. Hazo ya rufe garin ƙasa gaba ɗaya. Baba maharbi, da silifas ɗinsa da tsohuwar kwat, yana tafe yana jira na a kan kowane fa, ba ya ko haki. Muka jera robobi goma sha biyu, na zuba ruwa da ɗigon sabulu don kada abin da ya faɗa ya tsaya a saman ruwan ya tashi, muka danne kowace da dutse muka sauko. Bayan kwana uku na dawo. Hunturu ya shanye ruwan bakwai ƙarƙaf, abin da ya faɗa ciki ya bushe iska ta sake kwashewa. Biyu sun ɓace, Baba ya ce yaran makiyaya ne, roba sabuwa a daji ai tsintuwa ce. Uku suka rage, kuma a cikinsu na ga abin da na zo nema: darɓa masu fiffike da 'yan tsallen ganye, a kan dutse tsirara. Murna ta sa na zuba su a kwalabe, na manna salatif a baya na rubuta da biro, na jefa a jaka. Kafin in iso gida kwalba ɗaya ta yi yoyo, sifirit ya wanke rubutun duka. Manyan da na kama da raga na kafe su da fil a cikin kwalin takalmi na tura ƙarƙashin gado. Bayan kwana biyar na buɗe na tarar kiyashi sun yi walima, sai fil a tsaye da guntayen ƙafafu.

Na kai wa malamina kwalaben da ba rubutu, ina cewa ai na tuna wacce ce wacce. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗaga ɗaya ya ce, "Wannan daga ina?" Na ce daga sama. Ya ce, "Rantse." Na kasa. Ya tura su gefe ya zaunar da ni ya koya mini abin da ya kamata in tambaya tun farko. Takardar bayani da fensir ake rubuta ta, a jefa ta cikin kwalbar tare da ƙwaron, don sifirit ba ya cin fensir. A rubuta wuri, da tsayi daga manhajar GPS ta waya, da kwanan wata, da sa'a, da irin tarkon, da sunan mai kamu, kuma a rubuta a kan dutsen kafin a ɗaga ƙafa. Masu taushi irin darɓa a etanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 ake ajiye su. Masu tauri a kafe su, don koren mai wari in ya kwana a sifirit launinsa kan koɗe. Allurar kuma ta cikin ɗan kusurwa-ukun da ke tsakiyar bayansa ake soka ta, ƙanana kuwa a manna su a bakin 'yar takarda mai tsini. Fil na tela tsatsa yake yi ya fasa ƙwaron. Akwati ya zama mai rufuwa ruf, da kafur a kusurwa.

Sannan ya kawo babbar maganar, wadda ita ce ta sauya aikin. Ya ce ganin ƙwaro a kan dutse ba ya nuna iska ce ta kawo shi, wataƙila a ciyawar da ke bayan dutsen aka haife shi. 'Ya'yan masu tsotso kamar iyayensu suke, sai dai ba su da fiffike, saboda haka inda duk ka ga 'ya'ya, nan gidansu ne. Dole in riƙa kaɗa raga a duk tsiron da ke kewaye da tarkona, in duba ko akwai 'ya'ya, in kuma rubuta ko abincin ƙwaron na tsirowa a wurin. Dole in kafa tarko a gindi da tsakiya da ƙoli a rana ɗaya don a kwatanta. Ya ce in rage dogaro da rawayar roba, domin darɓa na son rawaya, da kanta take saukowa gare ta, ke nan kiran ta na yi, ba yasar da ita aka yi ba. Na fito ofishin nan ina jin kamar in koma wa wakena.

Sake shiri ya faɗo daidai lokacin ƙarancin takardun kuɗi na canjin naira. Etanol lita biyu da rabi naira 24,000, allura fakiti biyu daga Legas naira 15,000 har da kuɗin mota, waɗannan da tiransifa na biya. Amma Baba maharbi ba shi da asusu, ɗan acaɓa ma kuɗi a hannu yake so. Na taɓa ba mai POS naira 1,500 don ya ba ni 5,000. Da abin ya ƙi, sai muka shirya da Baba ina kawo masa shinkafa da man gyaɗa daga shagon da ke karɓar tiransifa, ya ce hakan ma ya fi masa, matarsa ta fi ganin amfanin dutsen. Tarkon kuma na daina barin sa kwana uku. In kafa da yamma, in kwana a ƙauyen, in hau da duhun asuba. Makon zaɓe ban je ba, da azumi ya kama a ƙarshen Maris na dakata gaba ɗaya, don na gwada sau ɗaya na ga ba ibada ba ce ganganci ne.

Hawan da ba zan manta ba na watan Mayu ne, washegarin wani ruwa mai iska da aka yi da dare. Mun isa ƙoli gari bai gama wayewa ba. Kwarmin duwatsun duk sun cika, kuma a saman ruwan, a gefen da iska ta tura, ga wani abu kamar dussa ya taru. Na durƙusa da madubin hannu: darɓa ce masu fiffike, da 'yan tsallen ganye, da ƙananan ƙudaje, wasu sun mutu wasu na motsa ƙafa. Can a kan wani fa, inda ko gansakuka da ƙyar take kamawa, na ga jan ƙwaron auduga guda biyu a sandare. Abincinsa auduga ne da kuɓewa da rama da 'ya'yan kuka da rimi, kuma babu ko ɗaya a wannan tsayi. Na ɗora ɗaya a tafin hannuna na rufe. Bayan 'yan mintuna na ji yana motsi, na buɗe ya miƙe ƙafafu yana lalube da gashin bakinsa. Baba ya leƙo ya ce, "Baƙo ne wannan, ya ɓata hanya." Ya ce su sun daɗe da sanin bayan ruwan iska tsuntsaye kan taru a kan duwatsun da sassafe, bai dai taɓa tambayar me suke tsinta ba. Kafin ƙarfe tara na ga amsar da idona. Rana na fitowa tururuwa suka fito layi, ƙadangaru suka hau, gizo-gizo na tsalle daga tsaga zuwa tsaga, waɗanda suka ji ɗumi cikin ƙwarin kuma suka tashi. Wanda ya iso ƙarfe goma zai rantse babu abin da ya sauka. Da na san haka a Janairu, da ban yi asarar wata guda ba. Bayan 29 ga Mayu da aka cire tallafin mai, kuɗin kowace tafiya ya ninka, sai na taƙaita sauran hawan zuwa uku na rufe a ƙarshen Yuni.

Tantance sunaye shi ne mataki na gaba. Har matakin dangi na iya da kaina da madubin likita na sashe, amma kundi na son fiye da haka, sai malamina ya rubuta mini takarda zuwa ɗakin adana ƙwari da ke Samaru, Zariya. Na kira tukuna aka ba ni rana, kuma ina ba kowa shawarar ya kira. Na naɗe akwatunan cikin bargo na rungume a cinya tun daga tasha, ta Jengre da Saminaka da Pambeguwa, duk ramin da mota ta faɗa sai gabana ya faɗi. Kwalaben na cika su fal da etanol na toshe da auduga don kada girgiza ta kakkarya darɓar. A shingen hanya wani jami'i ya ce in buɗe, ya ga ƙwari jere da 'yan takardu, ya karanta takardar sashe, ya ce Allah ya ba da sa'a yana girgiza kai. Na biya kuɗin tantancewa aka ba ni rasit, a ajiye shi, don ana tambaya a ƙarshe. Kwana uku na yi ina kwana wurin wani kawuna. Ma'aikacin da ya karɓe ni bai fara duba ƙwarin ba, takardun ya fara karantawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya jawo aljihunan da ke ɗauke da nasu na shekaru aru-aru muka riƙa kwatantawa. Manyan ba su ba da wahala ba. 'Yan tsallen ganye kuwa sai an sami namiji an fiɗe ƙarshen cikinsa, don a al'aurarsa ake rarrabe jinsi da jinsi, mata da yawa a matakin zuriya, wanda bai kai na jinsi ba, suka tsaya. Darɓa sai an jiƙa ta a sinadari ta yi garau an shimfiɗa a gilashi, aikin da ba ya yiwuwa a kwana uku, na bar su na dawo bayan wata guda na karɓa.

Akwai guda shida da suka gagara. Na yi tunanin aika su ga wani masani a Turai da muka yi magana ta imel, har na sayi ambulan. Malamina ya hana. Ya ce fitar da halitta daga ƙasa, ko matacciya ce, ba a yin sa a ɓoye cikin wasiƙa, sai an bi ta hukumar killace kayan gona, NAQS, kuma can ma akwai ƙa'idar shigarwa. Lokaci ya ƙure mini, sai na ɗora kyamarar waya a bakin madubin likita na ɗauki hotuna ta sama da ta gefe da ta ƙasa, da ma'auni a gefe, na tura wa masanin. Ya ba ni zuriyar huɗu, biyu suka shiga kundi da lamba kawai. Bayanan iska kuma na nema a makare daga hukumar hasashen yanayi, NiMet, da takarda da kuɗinta. Tasharsu tana filin jirgin sama na Heipang, kudu da gari, nesa da Shere, saboda haka ta gaya mini inda iska ta fuskanta a yankin, ba abin da ya faru a kan dutsena ba. Da na sayi ɗan ma'aunin zafi na rataya a ƙoli tun ranar farko, da babi na huɗu ya fi haka ƙarfi.

A ranar kare kundi, farfesan da aka gayyato daga wata jami'a ya buɗe shafin ƙarshe kai tsaye. Na rubuta cewa iska ta kwaso ƙwarin daga gonakin Arewa mai nisa. Ya ja layi a kai da jan biro ya ce, "Malam, sun nuna maka tikitin mota ne?" Na kawo aikin wani Bafaranshe, Duviard, wanda a 1977 ya danganta ƙaurar jan ƙwaron auduga a Afirka ta Yamma da tafiyar iskar damina, na kawo na Mali da aka wallafa a 2019, inda aka ɗaga raga mai danƙo da balan-balan tsakanin mita 40 zuwa 290 aka kamo sauro a sama. Ya ce duk ya sani, amma nasu ne. Abin da robobina suka nuna shi ne manya masu fiffike na sauka a inda ba abincinsu ba 'ya'yansu, kuma sun fi yawa bayan dare mai iska. Ko daga Bauchi suka taso ko daga lambun kuɓewar da ke gindin dutsen, tarkona bai isa ya raba ba. Na ji zafi a lokacin, amma gaskiya ya faɗa. Ya ƙara da cewa ko daga gindin ne ba ƙaramin abu ba ne, a jihar da ke noman dankalin Turawa a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, wanda darɓa ke yaɗa wa cuta daga gona zuwa gona. Aka ba ni gyara na mako biyu.

In zan sake, da mai gari zan fara tun takardar sashe na kan hanya, don jiran biyun ya tafi tare. Zan kira Zariya kafin in kama ƙwaro ko ɗaya, in tambaye su yadda suke son a kawo musu, maimakon in kai abin da na ga dama. Zan yanka takardun bayani a gida in rubuta rabin abin da ke kansu, saboda a sama yatsu ba sa biyayya. Zan yi hawan gwaji guda wanda na san ba zai shiga kundi ba, don kurakuran su ƙare a can. Kuɗi kuma, abin da na kashe daga farko zuwa ɗaurin kundi ya haura naira 200,000 kaɗan, kusan ninki biyu na abin da na rubuta a tsarin bincike, kuma mafi yawansa a mota ya tafi, ba a kayan aiki ba. Mace in za ta yi, ta nemi abokiyar tafiya ta kuma shirya wurin kwana da iyalin mai gari tun da wuri, don hawan asuba ba ya yiwuwa daga cikin gari.

Sharaɗin ƙarshe kafin a sa mini hannu shi ne in miƙa akwatunan ga sashe, da jerin abin da ke ciki, a ba ni takardar karɓa. Na miƙa uku. Cikin waɗanda suka yi yawa na ware 'yan kaɗan na jera a ƙaramin akwati mai gilashi, da jan ƙwaron auduga a tsakiya, na kai wa Baba maharbi bayan Babbar Sallah. Ya juya shi ya juya, ya sa jikarsa ta karanta masa 'yar takardar da ke ƙasan ƙwaron, inda na rubuta sunansa a matsayin wanda muka kama tare. Ya rataye shi a zaure kusa da bakansa, ya ce in yaran makiyayan nan sun zo zai nuna musu abin da robobin suke yi a kan dutse.